Diddigen Goggo

Jiya ƙanena ya kira ni daga ƙauye, ya ce ruwa ya fara janyewa daga firginmu, wato gonarmu ta baƙar laka, yaushe za a dasa masakwa, dawar rani? Goggona, yayar babanmu, ita ke amsa wannan tambaya, kuma ta rasu.

Ba ta ƙirga kwana. Idan ruwan damina ya ja baya ya bar baƙar laka mai ƙarnin kifi, sai ta cire takalmi ta nutsa diddige. Yadda lakar ta riƙe ƙafar, shi ke gaya mata a dasa ko a jira. Ka yi gaggawa dashe ya ruɓe, ka makara ƙasa ta tsage.

Bayan tashin hankali ya koro mu Maiduguri, wata rana na fito zan tafi ajin yaƙi da jahilci, na tarar da ita tsaye cikin taɓon layinmu a Wulari.

"Goggo, ki fito, kina ba mu kunya."

"Ajiye littafin nan ki zo ki taka, 'yar nan. Ba lakarmu ba ce, amma za ki gane."

"Ni na gama da taɓo," na ce, na wuce.

Yau ina karatu ina rubutu, amma diddigena bai san laka ba. Na ce wa ƙanena ya nemi wata tsohuwa ya tambaya, ya ce babu wadda ta koma ƙauyen.

Allah Ya sanyaya makwancinta, Ya yafe mini kaifin bakina, Ya bar mana ko kwando ɗaya a gonar bana.