Jirgin da Ya Kashe Ciyawar Baba Haruna

Har gobe ban manta da safiyar Alhamis ɗin da jirgin sama ya sauko mana a hadiƙa ba, wato lambun shaƙatawar da muke aiki, a watan Yuli, lokacin da zafin Jidda ke sa mutum ya ji kamar an kifa masa tukunya. Ku da kuka zo daga baya kun ji ana ba da labarin ana dariya. Ni ban ga abin dariya ba, kuma yau zan gaya muku dalili.

Lokacin ina mushrif, wato mai duba aikin masu kula da shuke-shuke, a ƙarƙashin wani kamfani da ya karɓi kwangilar hadiƙar daga baladiyya, hukumar birni. Tsarin aikin shi ne a yanka fili kashi-kashi, kowane kashi da sunan mutum ɗaya. In ciyawa ta yi kyau, kamfani ne ya iya aiki. In ta mutu, mai kashin ne ya kashe ta. A samana akwai mudir, wato manaja, wanda muke kira Abu Faisal, sannan lokaci-lokaci masu duba aiki na baladiyya su zo ba sanarwa.

Babban filin tsakiya na Baba Haruna ne. Dattijo ne haifaffen unguwar Karantina a nan Jidda, kakansa ne ya zo hajji a ƙafa ya zauna. Bai taɓa ganin Nijeriya ba, Hausarsa ma rabi Larabci ce. Da aka rushe unguwarsu ya koma Nuzla da iyalinsa. Kamfaninmu ne kafilinsa, wato mai tsaya masa a wurin hukuma, iƙamarsa kuma, takardar izinin zama, a kan wannan aiki take rataye. In aikin ya tafi, takardar zama ta bi shi.

Ran nan muna tsaye ni da shi sai muka ji wani abu yana tari a sama, ya yi shiru, ya sake tari. Ɗan ƙaramin jirgi ne rawaya, mai fukafukai biyu sama da ƙasa. Ya ratso ta kan itatuwan dabino, ya daki ciyawa, ya yi tsalle, ya ja ƙafa har tsakiyar filin ya tsaya. Allah ya kiyaye, safiya ce, babu iyalai. Matuƙin ya fito lafiya lau yana ta hamdala, ya ce inji ne ya mutu masa. Amma tayar jirgin ta fasa babban bututun ban-ruwa, dole na sa aka rufe ruwan kashin gaba ɗaya.

Hukuma ta zo ta yi bincikenta, washegari ta ce mai jirgi ya ɗauke abinsa. Mai jirgin, wani attajiri mai tara tsofaffin jirage, ya ce ba mai taɓa masa shi sai makanikensa ya iso daga waje, domin jikin jirgin katako ne da yadi. Na ɗauka mudir zai murza gashin baki ya ce a kwashe mana wannan tarkace. Ina! Ashe shi ma mayen jirage ne. Bakinsa har kunne ya ce wa mai jirgin, “Ya zauna, ya zauna, hadiƙar taku ce.”

Daga nan aiki ya tsaya, aka buɗe makarantar tantance jirgi. Mudir ya rantse na Amurka ne, irin wanda aka koyar da matuƙa da shi a yaƙin duniya. Abokinsa, wani da ya taɓa aiki a filin jirgi, ya ce ƙarya ne, na Ingila ne, a dubi yankan wutsiyar. Wani mai gilashi ya zo da hotuna a waya ya ce duk sun ɓata, ƙirar baya-bayan nan ce aka yi wa shigar tsofaffi. Manyan mutane da fararen riguna, ga su kwance rigingine a ƙarƙashin fiffike suna ƙirga ƙusoshi. Aka kafa rumfa, aka shimfiɗa dardumai a kan ciyawa, ana zuba gahawa ana kai ruwa rana a kan farfela. Wallahi da za ka tambaye su sunan ciyawar da suke takawa, ko ɗaya ba zai amsa ba.

Na je na sami mudir na ce a bari mu tura jirgin gefe kaɗan mu gyara bututu. Ya dube ni kamar na ce a yanka raƙumin sarki. “Ka san shekarun wannan abu? Ba mai matsar da shi.” Na ce to mu jawo tiyo daga wani kashin. Ya ce laima za ta lalata katakon, kada ɗigon ruwa ya kusanci wurin, halas, magana ta ƙare.

Ku kun san ciyawa a Jidda cikin Yuli. Ba ta da uwa ba ta da uba sai ruwan da muke ba ta. Baba Haruna ya same ni a bayan ɗakin kayan aiki, ya ce, “Ya ustaz, ta fara fari. In ta mutu, sunana ne a kanta.”

Na ce, “Na sani, Baba. Zan sake yi masa magana.”

Na sake, mudir ya yi kunnen uwar shegu da ni. Sai dattijon nan ya koma ɗaukar ruwa a bokiti daga famfon masallaci, yana zubawa can gefe-gefe, nesa da jirgin. Mutumin da a haife ya haifi mudir, yana rangaji da bokiti biyu a rana tsaka. Duk da haka bai tsira ba. Wani baƙo ya taka laka da sabon takalmi, mudir ya ƙwala wa Baba kira a gaban jama'a ya ce, “Yalla, kwashe bokitan nan, kana ɓata mana hoto!” Baba ya ce “Hadir,” wato an gama, ya kwashe. Ni kuwa raina ya ɓaci har na kasa cin abinci.

Da makaniken ya iso aka kwance fukafukan aka loda a mota, filin ya zama kamar tsohuwar tabarma. Inda rana ba ta ƙone ba, ƙafafun masana sun murje. Har jirgin ya tafi ba su daidaita a kan sunansa ba. Kafin mu samo sabuwar ciyawa sai ga masu duba aiki. Su ba ruwansu da tarihin jirage, abin da idonsu ya gani suka rubuta, aka ja wa kamfani kunne sosai.

Kamfani ya tambayi mudir kashin wane ne. Ya ce na Haruna ne, tsufa ya kama shi, ya yi sakaci. Na shiga ofishinsa ban ko yi sallama ba, na ce, “Abu Faisal, ka ji tsoron Allah. Kai ka hana ruwa.” Ya shafa wa idonsa toka ya ce, “Ni? Cewa na yi a kiyaye jirgi. Ban ce a kashe ciyawa ba.” Na tafi har babban ofis na faɗi abin da na gani. Suka saurare ni da ladabi, suka ba ni shayi, suka ce mudir ya riga ya yi bayani. Tir da irin wannan shayi.

Ni aka ɗora wa gaya wa Baba Haruna an sallame shi. Aka ce an ba shi ɗan lokaci ya nemi wani kafili, sai ka ce akwai mai ɗaukar tsoho mai furfura aikin rana. Bai yi faɗa ba, bai zagi kowa ba. Sai kawai ya ce, “Ya ustaz, an gyara bututun?” Na ce an gyara. Ya ce, “To ba ni mabuɗin.” Ya je ya buɗe ruwa a kan matacciyar ciyawa, ya tsaya har ta jiƙe sharkaf, ya rufe, ya miƙo mini mabuɗin ya tafi.

Abin da na koya shi ne, a wannan sana'a tamu mai ba da umarni ba shi da kashi, don haka ba ya taɓa kashe ciyawa. Ku da kuke mushrif yanzu, duk ranar da babba ya ce a rufe ruwa, ku sa ya faɗa a gaban shaidu, kuma ku tsaya a kai tun ciyawar tana kore.

Baba Haruna bai sami kafili ba. Na je gaishe shi a Nuzla bayan sallar layya, na tarar iƙamarsa ta ƙare. Mutumin da aka haifa a garin nan, ya yi shekaru yana shayar da ciyawarsa, yanzu ko bakin titi ba ya fita don tsoron a tambaye shi takarda.