Kiran Ƙarshe na Wendell

A bakin ƙofar tashar 'yan kwana-kwana yake zaune, wani ƙaton dattijo mai sanƙo, cikin kwat ɗin da aka ɗinka masa tun kafin tumbi ya iso. Maɓallan nan suna ganin ta kansu. Taron tunawa da Wendell Pruitt ake yi, wanda ya ƙare rayuwarsa wajen kashe gobara da ɗaukar marasa lafiya. Ni ma ya taɓa sauko da ni daga bene, yana mitar nauyina.

Ban san dattijon ba, amma idanunsa na wanda bai taɓa ƙoshi da barci ba ne. Gahawarsa ta huce a hannu.

"Dorsey, ci wani abu mana," in ji mai raba abinci.

"Ke dai bari, Loretta. In na ƙara loma, maɓalli zai tsone wa wani ido."

Sai ga kiran ƙarshe. Al'adarsu ce a kira mamaci ta rediyo, kowa ya yi tsit. Shirun nan shi ne ban kwana. Na dubi Dorsey. Ina jin abokin aikin Wendell ne a motar kwana-kwana, mai rufa masa asiri in ya makara.

"Wendell Pruitt, amsa." Shiru. Aka sake kira.

Hannun Dorsey ya tafi kafaɗarsa, inda rediyo ke zama a da. Ba komai sai yadi.

"Yana hanya," in ji shi ƙasa-ƙasa. "Takalmi yake ɗaurawa."