Na Tsaya Kunyar Surukata Zuciyarta Tana Tsaye

Edita, ina gaisuwa. Lokacin da abin nan ya faru ni malamin kimiyyar halittu ne a wata lise, wato makarantar sakandare, a Dapaong ta ƙasar Togo, irin mutumin da ke gyara wa mai karanta labarai a rediyo Faransancinsa alhali ba ya jin sa. Cikin karance-karancena har da binciken likitoci kan waɗanda zuciyarsu ke tsayawa a gida ko a kasuwa, nesa da asibiti. Duk inda binciken ya zagaya wuri guda yake sauka: wanda ya rayu yawanci shi ne wanda na kusa da shi ya durƙusa nan take ya yi ta danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi kafin mota ta iso, don ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin jini. Na sha faɗa wa ɗalibai haka ina hura hanci.

Da hutu muka sauko Sokodé sunan ɗan ƙanwar matata. Surukata Hajiya tsohuwar mai sayar da atamfa ce a zongo. Tun da na auri 'yarta ban taɓa cin abinci a gabanta ba, ban taɓa haɗa ido da ita ba. Daga bakin ƙofa nake cire takalmi in tsuguna in gaishe ta, ta amsa tana kallon bango. Haka muka gada, kuma ina alfahari da hakan.

Ranar sunan bayan azahar Hajiya tana tsakar gida tana rabon abinci sai ta ce jiri take ji, ta sulale ƙasa. Salatin mata ya shigo da mu daga rumfa. Na same ta tana jan wani minshari jefi-jefi, mata na ta hamdala wai ai tana numfashi. Ni na san wannan ba numfashi ba ne. Wata ta kwara mata ruwa, wata ta fasa albasa ta kai hancinta, yayan Hajiya ya ce a juya ta gabas ya fara laƙƙana mata kalmar shahada. Ni kuwa ina tsaye ƙiƙam. Na san inda hannuna ya kamata ya sauka: ƙirjin matar da ko inuwarta ban taɓa takawa ba, a gaban danginta, rigarta a jiƙe. Na ce a nemo mota. Na sake cewa a nemo mota. Iyakar abin da bokona ya iya ke nan.

Matata ce ta cakumi rigata, ta kira ni yadda ake kiran malamin boko da Faransanci. “Mushe, kai da ka san komai, yi wani abu mana. Uwata ce.”

Na durƙusa, kuma ko a lokacin sai da na kamo hannuwan matata na ɗora a ƙirjin, na ɗora nawa a kansu, sannan na fara danna. Yayan Hajiya ya ce mu ji tsoron Allah mu bar baiwar Allah ta cika da mutuncinta. Na ji haƙarƙari ya yi ƙas a ƙarƙashinmu, ban tsaya ba. A bayan motar wani mai doya muka ci gaba har asibiti, inda suka buga mata lantarki zuciyar ta tashi. Hajiya ce ba ta tashi ba. Likita ya tambaye mu a hankali wane lokaci aka ɗauka tsakanin faɗuwarta da fara dannawa. Matata ta juyo ta dube ni. Bayan 'yan kwanaki Hajiya ta rasu ba ta buɗe ido ba.

Dangi sun rabu biyu, masu godiya da masu cewa na karya tsohuwa. Matata ba ta taɓa tayar da zancen ba, kuma wannan ya fi min ciwo. Na yarda da ajali, likitan ma ya ce ko da na yi sauri babu tabbas. Amma wani malami da na tambaya ya ce min ceton rai yana gaba da kunya, ba ma a jera su.

Jama'a, ku koyi danna ƙirji, ku koya wa mata da 'yan mata na gida, don kada rai ya dogara ga hannun suruki. In kuma ba kowa sai kai, ka durƙusa. Surukar da ke raye tana iya yin shekara goma tana fushi da kai, kuma da na samu wannan fushin da na karɓe shi hannu bibbiyu.