Ƙarar Salansa

Motar da na gada daga mahaifina tana da wata ƙara da duk unguwarmu ta Barkin Sale aka san ta da ita. Salansarta ce ta taɓa ɓallewa a hanyar Beji, ya ɗaure ta da waya ya ce zuwa gobe, goben ta ɗauki shekara tara. Bayan rasuwarsa, duk yamma in na shawo kwanar layinmu, sai in tarar da Inna tsaye a bakin ƙofa da kofin ruwa. Idonta ya yi rauni, da kunne take gane motar.

Wata Asabar na kai ta juyen baƙin mai wurin bakanikenmu a Fadikpe, wani dattijo Banufe mai tsananin son aikinsa. Juye kawai na ce. Da na dawo ɗauka, na tayar da ita, sai na ji shiru kamar ta wani.

Ranar ban ga Inna a ƙofa ba. Washegari ma haka. Kwana huɗu ina shiga in same ta zaune a tabarma tana jan carbi. Raina ya ɓaci sosai, don na ga an raba ta da ɗan abin da ya rage mata na mijinta, kuma da makullina aka yi.

Na koma gareji na ce, “Baba, ƙara na kawo.”

Ya kasa kunne jikin bonet. “Malam, wannan mota ba shi da kara.”

“Ƙarar da na kawo ke nan.”

Ya ce shi da ya ga waya a salansa kunya ce ta kama shi, ya yi mata walda kyauta. Na yi godiya, na ce a mayar da ita yadda take. Ya dube ni, ya dubi mai facin taya na gefensa, ya ce tun da ya fara aiki ba a taɓa kawo masa mota a ce ya lalata ba. Amma ya shiga ƙarƙashinta. Ya yanke waldar, muka tono waya a cikin tarkace. Yana ɗaurawa ina ba ta wuta, ina cewa a'a, ta da ta fi wannan kaushi. Sai bayan la'asar muka dace.

Na shawo kwana tana ta kwaramniya, ina jin kaina kamar wanda ya yi abin kirki. Ga Inna a ƙofa da kofi. Na sha, na tsaya jiran albarka.

Ta karɓi kofin ta ce, “Gobe ka mayar masa ya gyara. Tun da Malam ya rasu, kwana huɗun nan ne kawai ban tashi na ɗebo masa ruwa ba.”