Rabon Ruwan da Yaya Habibu Ya Bari

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana Habibu, Allah Ya jiƙansa, kuma ban taɓa jin tsoron rashinsa kamar bana ba.

Malamin lissafi ne a birni, amma hankalinsa yana ƙauyenmu kusa da Zakirai, inda gonar wannan ke manne da ta wancan, ruwan madatsa kuwa ba ya wadatar kowa da rani. Duk shekara sai an yi rigima. Shi ya rubuta wa ƙungiyar manoman rani manhajar kwamfuta mai rabon ruwa. Aikinta gwaji ne: ta raba, ta duba wa aka ƙwara, ta gyara, ta sake rabawa, har gyaran ya daina ƙara komai.

Akwai wurin da ake saita mata iyakar gwajin da za ta yi kafin ta tsaya. Yaya kan sakar mata mara sosai, ya bar ta tana aiki ya tafi masallaci. Nakan tsokane shi cewa injin niƙan unguwarmu ya fi kwamfutarsa sauri. Sai ya ce, "Ke Hauwa, ko kin katse ta amsa za ta ba ki, kuma ba za ki gane ɗanya ce ba." Ya ce gonakin ƙarshen magudana ne gyaran ke isa gare su a makare.

Makon jiya na leƙa ofishin ƙungiyar. Malam Nura, sakatarenta, ya tarye ni da murna. "Malama, yanzu kafin ki zauna ta gama! Na rage mata gwajin, batirinmu ba ya jure dogon aiki."

Na dubi kwamfutar. A ƙasan allon ga ɗan rubutu yana cewa ta tsaya ne don ta kai iyaka, ba don ta kammala ba. Na nuna masa. Ya ce ai lambobi sun fito tsaf, shugabanni ma sun amince. Nura ba mugu ba ne, sauƙi yake nema. Amma gonar da ke can ƙarshen magudana ta Rabi ce, matar Yaya, kuma da ita take ciyar da marayunsa.

Da yana raye me zai yi? Na san ba zai ɗaga murya ba. Kujera zai ja, ya mayar da saitin, ya ce kowa ya jira. Ni kuwa malamar firamare ce, ban san inda ake taɓawa ba. Na kai maganar gaban shugaban ƙungiyar, ya ce, "Haba Malama, aikin marigayi za ki kushe?"

Manhajarsa ta rayu, sunansa na jikinta, kuma saboda sunan nan babu mai ja da abin da ta faɗa. Haƙurinsa ne bai bari a cikinta ba, abin da ke firgita ni ke nan.

Ranar Asabar za a buɗe ruwa. Rabi ta riga ta dasa albasarta. Jiya ta ce mini hankalinta kwance yake, tunda rabon na Habibu ne.