Direban da Aka Hana Mai

Saude mai tuwo ta daɗe a tashar Konni, amma ba ta san wannan direban ba. Ƙato ne, wuyansa ya ninku bisa kwalar riga, gumi na tsattsafo masa tun rana ba ta yi zafi ba. Daga motarsa zuwa bencinta ba nisa, amma sai da ya tsaya a hanya, hannu dafe da ƙirji, yana yi kamar taya yake dubawa.

"Inna, akwai miyar da babu mai?" in ji shi.

Ta leƙa tukwanenta. Kowacce mai na yawo a samanta.

"Malam, a tasha? Wa za shi saya?"

"Likita ya ce kitse ya yi yawa cikin jinina, yana toshe hanyoyin zuciya. Wai in bar mai, in bar tsire, in huta." Ya yi murmushi. "Bai dai faɗi wanda zai kai simintin Malbaza Agadas ba."

Tana yaɗe man da ludayi, yana sake tasowa. Da ta zuba masa, yana dangwalar gefen kwano a hankali, kamar mai tsoron miyar. Saude na ayyana gidansa a ranta, cike da bakunan ciyarwa, duk sun dogara da sitiyarin nan. Ta san duk tashar da zai tsaya a gaba, irin tukwanenta zai tarar.

Ya wanke hannu, ya miƙe da ƙyar.

"Allah shi kiyaye hanya," ta ce, don ba ta da abin da ya fi wannan.