Tsohon Python da Mama Rifkatu

Iyaye sun cika barandar makarantarmu a Zuru suna jiran sakamakon yaransu, wasu tun daga Dabai suka hawo babur, sai manhajar fitar da sakamako ta ƙi buɗewa.

Ni ke kula da sabar makarantar, wato babbar kwamfutar da manhajojinmu suke ciki. Jiya na sa sabon Python, yaren kwamfutar da manhajojin ke aiki da shi, saboda sabuwar manhajar rajista, na cire tsohon. Ashe ta sakamakon ba ta tashi sai da tsohon.

Mama Rifkatu, shugabar makaranta, ta leƙo tana fifita da kwali, na faɗa mata abin da ya faru.

"Ɗana, wancan da ka cire, ya lalace ne?"

Na ce, "A'a Mama, tsufa kawai ya yi."

Ta ce, "To ni ma na tsufa, amma har yau makullin ofis yana hannuna. Maido shi."

Na maido shi gefe guda, na bar sabon a wurinsa, na haɗa kowace manhaja da nata. Kafin azahar iyaye sun watse da takardunsu.

Masu sana'armu, kafin ku kori tsoho daga saba, kuna duba wa yake riƙe wa makulli?